Tambaya da Amsa: Tayar da Mujallar Fizik da Ta Yi Dogon Suma

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan magana guda. Wata ƙungiyar malaman fizik da ta haɗa mutanen Damagaram, Maraɗi da Yamai da ƴan'uwansu na Kano da Katsina tana son ta farfaɗo da mujallarta wadda ta daina fitowa shekaru da dama. Mun zaɓi shida daga cikin tambayoyin membobinta.

Daga wani malamin jami'a, unguwar Birni: Assalamu alaikum. Mujallarmu ta kai kundi na 7 sannan ta tsaya cak. Yanzu wasu na cewa a canza mata suna, a yi bikin ƙaddamarwa, a gayyato manya. Ta ina ya kamata mu fara?

Wa alaikumus salam, Malam. Ku fara da tambayar da ba a son yi a gaban taro: me ya kashe ta? Ruwa ba ya tsami banza. Galibi ɗayan abu uku ne. Ko dai aikin duka yana wuyan mutum ɗaya, shi ne edita, shi ne mai tsara shafuka, shi ne mai bin bashin ɗab'i, da ya samu ƙarin girma ko ya tafi ƙetare sai komai ya bi shi. Ko kuma an dogara da tallafin da ya zo sau ɗaya, aka ƙone shi a kan takarda da tawada. Ko maƙaloli ne suka ƙafe, domin marubuta sun gaji da jiran amsa wata goma. Kowace cuta da maganinta, kuma biki ba ya cikin magungunan.

Batun suna, shawararmu kada ku taɓa shi. Lambar ISSN, wato lambobi 8 da ake gane kowace mujalla da su a duniya, a manne take da sunan. Da kun sauya suna sai sabuwar lamba, kuma a idon ɗakunan karatu kun zama jariri wanda bai da tarihi, alhali kuna da kundi bakwai a baya. Abin da kuke bukata shi ne lamba ta biyu domin bugun intanet, tunda na takarda da na intanet kowanne da tasa. Babbar cibiyar ISSN tana Faris, kuma ita ke kula da ƙasashen da ba su da cibiyar kansu.

Ku ci gaba daga kundi na 8, ku sa masa shekarar da ya fito a zahiri. Akwai jarabar da ke kama masu farfaɗo da mujalla, ta cike giɓi: a buga maƙalar bana a manna mata shekarar da ta wuce domin a ce ba a taɓa tsayawa ba. Kada ku yi. Mai karatu zai ga maƙalar da aka ce ta shekara biyar baya tana ambaton aikin bara, daga nan amana ta tafi. Sakin layi ɗaya a gabatarwar edita, da ke cewa mun tsaya daga shekara kaza zuwa kaza, ya isa.

Sai babban sharaɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kun yanke fitowa biyu a shekara, kowace da maƙala 6 zuwa 8, to kada ku sanar da dawowa sai kuna da maƙala 12 a hannu waɗanda aka tantance aka amince da su: ta farko cikakkiya, ta biyu ta kai aƙalla rabi. Fitowar farko kowa na iya yin ta da zumuɗi. A ta biyu da ta uku ake mutuwa. Hanya mafi sauƙi ta tara wannan jari ita ce taron shekara na ƙungiya: duk wanda ya gabatar da aiki a ba shi kwana 45 ya miƙo cikakken rubutu, kuma a gaya masa tun farko cewa gabatarwa a taro ba ta nufin an karɓa.

Mutane kuma a raba musu kaya. Babban edita da wa'adin shekara 3, mataimaki wanda zai gaje shi, editocin fanni uku ko huɗu daga jami'o'i dabam-dabam, da sakatare guda wanda ake biyan sa ko da ɗan ihsani ne, domin shi ne zai riƙa buɗe akwatin saƙo kullum. Bikin ku ajiye shi sai fitowa ta huɗu ta shiga hannu.

Daga ma'ajin ƙungiya, Sabon Gari: Asusunmu bai taka kara ya karya ba. Me za mu saya, me za mu samu kyauta?

Malama, ɗab'i a takarda shi ke cinye kuɗi, saboda haka ku mai da intanet gidan mujallar, ku buga kwafi 30 zuwa 50 kawai domin ɗakunan karatu da ajiya. Manhajar da ke tafiyar da aikin, tun daga karɓar maƙala har zuwa fitar da ita, kyauta ce: Open Journal Systems, wadda aka fi sani da OJS, tana kuma aiki da Faransanci da Ingilishi. Abin biya shi ne adireshin intanet da wurin da za a girka manhajar, duk shekara.

A nan ne ake yawan faɗawa rami. Adireshin a yi masa rajista da sunan ƙungiya da akwatin saƙon ƙungiya, kalmar sirri tana hannun mutum uku, a biya shekara uku gaba ɗaya in da hali. Idan da sunan wani ɗalibi mai taimako aka yi, ranar da ya gama karatu ya tafi, wa'adi ya cika ba wanda ya sani, ƴan damfara na iya saye adireshin su buɗe mujallar bogi da sunanku, su riƙa karɓar kuɗin mutane. Kada ku girka manhajar a kwamfutar ofis inda wuta ke ɗaukewa. A sabunta ta a kan kari, a kwafe bayanan kowane mako a wuri biyu, sannan a gwada aika saƙo daga cikinta zuwa akwatuna iri-iri, domin sau da yawa gayyatar da aka tura wa mai tantancewa tana can kwance a kwandon shara, edita na zargin sa da girman kai.

Kowace maƙala tana bukatar lambar DOI, wadda ke sa a same ta ko da adireshi ya sauya. Wata ƙungiya mai suna Crossref ke bayarwa, a kan kusan dalar Amurka 1 kowace sabuwar maƙala, ban da kuɗin shekara. (Mun ce ta Amurka da gangan, kada wani ya lissafa da dalarmu ta sefa biyar ya yi murna.) Tun Janairun 2023 suna da tsarin GEM da ke yafe waɗannan kuɗaɗe ga ƙungiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma Nijar na ciki. To ku nema da sunan reshen da ke da rajista a nan.

Idan za ku karɓi kuɗi daga marubuta, a rubuta adadin a fili, kuma sai bayan an amince da maƙala. Wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ne mai yanke hukunci.

Daga wani edita da aka naɗa kwanan nan: Mu ƴan kaɗan ne, kowa ya san kowa. Yaya zan mayar wa wanda ya koyar da ni maƙalarsa in ce ba ta yi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi dukkan sauran nauyi, Malam, kuma kunyar da kake ji ta halak ce, haka aka tarbiyyantar da mu. Amma dole tsarin ya ɗauke maka ita, domin kai kaɗai ba za ka iya ba.

Doka ta farko: edita ba ya riƙe maƙalar malaminsa, ko ɗalibinsa, ko abokin sashensa, ko wanda suka yi rubutu tare cikin shekara uku da suka wuce. Ta Damagaram a miƙa wa editan Kano, ta Kano a miƙa wa na Yamai. Ka ga amfanin kasancewarku ƙungiyar yanki ke nan. Doka ta biyu: masu tantancewa biyu, dukkansu daga wajen jami'ar marubucin, ɗaya kuma daga wata ƙasa. A cire sunan marubuci daga rubutun, a kuma share shi daga bayanan da ke ɓoye cikin fayil ɗin, wanda mutane kan manta. Gaskiya a ƙaramin fanni ana iya gane mutum ta na'urar da ya ambata, amma ɓoye sunan yana ba mai tantancewa mafaka.

Ka gayyaci mutum biyar ko shida in kana neman biyu. Ka ba su kwana 7 su ce e ko a'a, kwana 28 su kawo rahoto, tunatarwa a rana ta 21. Wanda ya yi shiru mako biyu bayan wa'adi a wuce shi ba tare da rigima ba. Inda za a samo su: jerin ayyukan da marubucin ya ambata, ƴan ƙasarmu da ke koyarwa a waje, membobin SOAPHYS, ƙungiyar fizik ta Afirka ta Yamma, da na cibiyar fizik ta Najeriya, da tsofaffin ɗaliban ICTP, cibiyar nazarin fizik ta duniya da ke Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964.

Kafin ka ɓata lokacin kowa, kai ma ka duba da idonka. Ga misalin abin da ke zuwa teburin edita a yankinmu. Maƙala a kan hasken rana, jadawali ya nuna watt 1500 a kan murabba'in mita da tsakar rana, kwana bayan kwana, sama tas. Ba zai yiwu ba: abin da ke isowa saman sararin samaniya kansa kusan 1361 ne, a ƙasa kuwa wajen 1000 ake samu in gari ya yi garau. Na'urar ce ba a daidaita ba, ko an yi kuskuren juya milivolt. Wata kuma ta kwatanta awon ƙasa da na tauraron ɗan'adam, layukan biyu sun goce da awa ɗaya cif, marubuci ya cika shafi biyu yana neman dalili a ƙura da gajimare, alhali agogon Nijar da Najeriya yana gaban agogon duniya na UTC da awa ɗaya ne. Sai mai rubuta sakamako da lambobi shida bayan waƙafi daga na'urar da kuskurenta ya kai kashi 5 cikin 100. Duk awon da ba a faɗi iyakar kuskurensa ba, da zanen da ba a rubuta ma'auni a gefensa ba, a mayar wa mai shi ya gyara tun kafin a kai ga masu tantancewa.

Satar rubutu kuma akwai manhajar gano kamanni, ana samun ta ta hannun Crossref. Kada ka yi hukunci da adadin da ta nuna kawai. Kashi 20 na iya zama jerin littattafai da jimlolin da kowa ke faɗi, kashi 8 kuma na iya zama sakin layin sakamako da aka kwashe ɗungurungum. Ta kuma fi rauni a kan abin da aka fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci. Idan abu ya tabbata, COPE, kwamitin duniya mai kula da ɗa'ar buga bincike, yana da matakan da ake bi a rubuce. Ku ɗauke su tun yau ku sa a dokokinku, domin ranar da abin ya shafi babba, ka ce doka ce ta faɗa.

Wasiƙar ƙi kuwa a rubuta ta da ladabi, da sunan kwamiti, a jera abin da za a gyara ɗaya bayan ɗaya. Dattijon kirki ya fi jin zafin a buga kuskurensa duniya ta gani.

Daga wata ɗalibar digirin digirgir: In na ba ku maƙalata, za ta yi mini amfani a CAMES, ko asara zan yi?

Ƴar'uwa, tambayarki daidai take, kuma kada kowa ya ce miki rashin kishi ne. CAMES, majalisar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1968 take da mazauni a Wagadugu, kwamitocinta na duba inda aka buga aiki da ko mujallar tana cikin rumbunan da aka yarda da su. Ana sabunta littafin sharuɗɗan, to ki nemi na shekarar da za ki miƙa takardunki. Kada ki zuba ƙwanki duka a kwando ɗaya: babban sakamakonki ki kai shi mujallar da ta riga ta kafu, ki ba ta gida aiki mai kyau na biyu. Ki buɗe lambar ORCID, wadda ake gane kowane mai bincike da ita, kyauta ce, domin sunayenmu ana rubuta su iri uku tsakanin Faransanci da Ingilishi.

Su kuma editoci ga tsanin da za su hau. Matakin farko AJOL, dandalin mujallun Afirka da ke aiki tun 1998. Na biyu DOAJ, rumbun mujallun da ake karantawa kyauta a intanet, wanda nemansa kyauta ne, amma yana son mujalla ta riƙa fitar da aƙalla maƙalar bincike 5 a shekara, sabuwa kuma ta nuna fiye da shekara ɗaya tana fita ko maƙala 10. Yana da wani sharaɗi da ke kayar da mujallun ƙungiyoyi: maƙalolin da editoci ko ƴan kwamiti ko masu tantancewa ke da hannu a rubuta su kada su wuce kashi 25 cikin 100. A fitowa mai maƙala 8, biyu ke nan. Scopus, babban rumbun mujallun duniya, sai mujalla tana fita a kan lokaci, da take da taƙaitawa cikin Ingilishi. Duk editan da ya yi miki alkawarin Scopus a shekarar farko, ki riƙe maƙalarki.

Daga wani malamin fizik na sakandare, Magarya: Mu Faransanci muka yi, na Kano Ingilishi. In mun haɗu da Hausa muke hira. Da wane harshe za a buga, kuma wane haɗin kai ne takarda za ta kawo?

Malam, a karɓi harsunan biyu, amma kowace maƙala ta zo da take da taƙaitawa a dukkansu, kalma 200 zuwa 250, a kuma rubuta bayanin zane da jadawali da harshe biyu, domin masanin fizik da zane yake fara karatu. Mu da za a ji tamu, a ƙara sakin layi ɗaya da Hausa. Malamin aji irinka zai karanta wa ɗalibai, mai haƙar rijiya da mai sayar da faifan sola ma su san abin da aka gano.

Hattara da waƙafi. Mai Faransanci na rubuta 3,14, mai Ingilishi 3.14, kuma 1,250 a wajen ɗaya dubu da ɗari biyu da hamsin ne, a wajen ɗayan ɗaya da kwata. Dokar mujalla ta ce kowace maƙala ta bi tsarin harshenta, dubbai a raba su da ɗan fili, ma'aunai duka na SI, wato tsarin awo na duniya. A tanadi samfurin LaTeX, manhajar tsara rubutu mai lissafi, da na Word, tunda ba kowa ya saba da na farkon ba.

Haɗin kai kuwa ba ya fitowa daga jawabin shugaba. Yana fitowa ne in mutum biyu suna bukatar awon juna. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi ba ta tsayawa a kan iyaka a buga mata hatimi. Ta kan bi ta kanmu ta sauka Kano har ta kai gaɓar teku. Tashoshin AERONET masu auna ƙurar iska da ke Banizumbu da Ilorin sun daɗe suna auna ta, bayanan kuma a buɗe suke ga kowa. Ga aikin da mujalla za ta iya kira a yi, ta ware masa fitowa ta musamman: a kowane gari a kafa faifan sola biyu iri ɗaya, karkata ɗaya, a riƙa goge ɗaya kowace safiya a bar ɗayan, a auna wutar da kowanne ke bayarwa da tsakar rana daga Nuwamba zuwa Maris, tare da zafin bayan faifan, domin silikon na rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri sama da 25. In Tanut, Damagaram, Maraɗi, Katsina da Kano suka bi ƙa'ida ɗaya, an samu layin awo daga arewa zuwa kudu wanda babu jami'a ɗaya da za ta iya yi ita kaɗai. Abin da ke ɓata irin wannan aiki shi ne kowa ya auna a lokacin da ya ga dama, ko mai gadi ya ga faifai ya yi datti ya goge shi don kyautatawa. A rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya, a liƙa gargaɗi a jikin faifan.

Haka batun ruwa. Damagaram a kan dutse take zaune, shi ya sa ake jawo ruwa daga Gogo-Machaya da Arunguza, kuma irin wannan dutsen ne a ƙarƙashin yawancin ƙasar Kano. Masu auna juriyar ƙasa ga lantarki domin gano tsagar da ruwa ke kwanciya, a nan da can, matsala ɗaya suke fama da ita. Mujalla ta buɗe sashen gajerun rahotanni, shafi 3 zuwa 4, har da na rijiyar da aka haƙa ba a samu ruwa ba, domin ita ma darasi ce. Wannan ba baƙon tafarki ba ne a ƙasar nan: Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan makamashin rana ya yi aikinsa a ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar.

Daga mai kula da ɗakin karatu, Zango: Tsofaffin kwafin suna cikin kwali, gara ta fara cin wasu. Me zan yi?

Baba, a ɗaga kwalin daga ƙasa yau, a raba waɗanda gara ta taɓa da masu lafiya. Sai a yi jerin abin da ke akwai, kundi da lamba da shekara da yawan shafi, a tura wa tsofaffin membobi domin a cike abin da ya ɓace. Sau da yawa kwafin da babu yana cikin akwatin wani mai ritaya. A ɗauki hoton shafuka da na'ura a kan 300 dpi, masu lissafi da zane a kan 600, domin ƙananan lambobin da ke saman haruffa da ƙasansu su ke fara ɓacewa. Kowace maƙala fayil ɗinta dabam, a tsarin PDF/A na dogon ajiya. Manhajar da ke mai da hoto rubutu tana rikicewa a kan lissafi da haruffan Girka, saboda haka take da sunaye da taƙaitawa a buga su da hannu, wani ya sake dubawa. Kafin a sa wa tsofaffin maƙaloli lasisin CC BY, wanda ke ba kowa damar amfani da su in ya ambaci marubuci, a nemi izinin marubutan ko magadansu a rubuce, sai in tsohuwar takardar miƙa haƙƙi tana nan. Kwafi mafi lafiya na kowace fitowa a haɗa saiti biyu, ɗaya ya zauna a jami'ar André Salifou ta Damagaram, ɗayan a kai wani gari.